Liniya aljabara da bekta kalkulas: da wanne zan fara, kuma yaya zan karanta su?

Tambaya: Malam, ina aji biyu a sashen lissafi. Tun daga sakandare har aji ɗaya lissafi bai taɓa ba ni wuya ba. Bana an haɗa mana liniya aljabara da bekta kalkulas. Ta farkon duk ma'anoni ne da hujjoji, ban ma san abin da ake magana a kai ba. Ta biyun kuma fomula ta yi yawa, ina haddacewa ina mantawa. Tes ɗin farko bai yi mini kyau ba. Wacce zan fi ba wa ƙarfi, kuma ta ina zan kama?

Amsa: Ɗana, ka fara da liniya aljabara, ka ba ta kaso mafi tsoka na lokacinka a makonnin nan, ko da kuwa kalkulas ɗin ce ta fi tsorata ka. Na daɗe ina koyar da kwasa-kwasan nan biyu, kuma abin da nake gani kowace shekara bai sauya ba. Ɗalibin da ya riƙe liniya aljabara da kyau ba ya wahalar haddace rabin fomulolin kalkulas, don ya san inda suka fito. Wanda ya tsallake ta kuwa, ko ya ci jarrabawa, da an dawo daga hutu sai ka tarar abin ya zube daga kansa.

Ga dalili. Duk abin da ya lanƙwashe a hankali, in ka matsa kusa da shi sosai, sai ka gan shi kamar miƙaƙƙe. Duniya a mulmule take, amma magini yana ɗaukar filin da zai sa harsashi a matsayin shimfiɗaɗɗe, kuma ɗakinsa ba ya karkacewa saboda haka. Aikin kalkulas ke nan: ta ɗauki abu mai lanƙwasa, ta maye gurbinsa da miƙaƙƙe a ɗan ƙaramin wuri, ta yi lissafi, sannan ta tattara ƙananan wuraren. Ilimin miƙaƙƙun abubuwa kuwa shi ne liniya aljabara. A aji ɗaya ba ka lura da wannan ba, saboda da harafi ɗaya kuke aiki, x kawai, kuma miƙaƙƙen layi lamba ɗaya ta ishe shi, wato gangararsa. Da haruffan suka zama biyu da uku, lamba ɗaya ta kasa, sai matiris ta shigo, wato jerin lambobi a layukan kwance da na tsaye.

Kafin mu je can, bari in kwantar maka da hankali game da kukan da ka yi cewa ba ka ganin abin da ake magana a kai. Laifin ba na ƙwaƙwalwarka ba ne. A aji ana fara muku da abin da tarihi ya ƙare da shi. Kimanin shekara 2000 da suka wuce, masu lissafi a ƙasar Sin sun riga sun iya warware ikweshan uku masu haruffa uku. A wani tsohon littafinsu mai babi tara, babi na takwas ya buɗe da wannan matsala: dami 3 na hatsi mai kyau, da 2 na matsakaici, da 1 na maras kyau sun ba da awo 39, dami 2 da 3 da 1 sun ba da 34, dami 1 da 2 da 3 sun ba da 26. Awo nawa kowane dami ke bayarwa? Sukan jera 'yan sanduna a kan allo, su riƙa ninka layi suna ɗebe shi daga wani har haruffan su ragu, daidai da abin da kuke yi yau da sunan Gauss, masanin lissafi Bajamushe. Amsar ita ce 9¼ da 4¼ da 2¾, ka gwada da kanka. Shi Gauss ɗin sai a 1810 ya yi amfani da hanyar wajen lissafin falakin wani dutsen sararin samaniya mai suna Pallas. Kalmar matiris ma sai a 1850 Sylvester ya ƙirƙiro ta, Cayley ya tsara lissafinta a 1858. Ita kuwa ma'anar sararin bekta (tarin abubuwan da ake iya tarawa da juna, a kuma ninka su da lamba), wadda lakcaranku ya rubuta a allo a makon farko da jerin sharuɗɗanta, Grassmann ne ya kawo tunaninta a 1844. Malamin sakandare ne a garin Stettin, kuma manyan masana na zamaninsa ba su kula littafin nasa ba, don ya yi musu wuyar fahimta. Sai a 1888 Peano ya rubuta sharuɗɗan a tsare. To abin da ya gagari manya shekaru da dama, in ya ba ka wuya a mako uku, babu abin kunya.

Maganin shi ne ka bi hanyar da tarihi ya bi: misali tukuna, ma'ana daga baya. Kuma abu na farko da nake so ka sauya shi ne yadda kake kallon matiris. Ka daina kallonta kamar akwatin lambobi. Matiris aiki ce, tana ɗaukar kowace bekta, wato kibiya mai tsawo da alƙibla irin (1,0), ta kai ta wani wuri. Layukanta na tsaye su ke gaya maka aikin: na farko shi ne inda (1,0) ta sauka, na biyu inda (0,1) ta sauka. Ka san waɗannan biyu, ka san inda kowace bekta za ta sauka, don kowace bekta haɗin su biyun ce.

Ɗauki matiris A wadda layinta na tsaye na farko (2,1) ne, na biyu (1,2). Zana murabba'i mai ƙafa ɗaya-ɗaya a takarda, sannan ka zana inda A ta kai shi. Za ka ga ya zama siffa mai kama da fatar da majemi ya ja ta kusurwa biyu. Auna girman filinta, za ka samu 3. Yanzu lissafa ditaminan: 2×2 − 1×1 = 3. Ma'anar ditaminan ke nan, sau nawa matiris ta ninka girman fili. In ya zama sifili, to ta murƙushe filin gaba ɗaya ya koma layi ko ɗigo, kuma abin da aka murƙushe ba a iya mayar da shi, shi ya sa irin wannan matiris ba ta da inbas, wato matiris ɗin da za ta warware aikinta. In ya zama ƙasa da sifili, ta kife filin, dama ta koma hagu. Sannan dokar nan da ake sa ku haddacewa, cewa ditaminan na AB daidai yake da na A sau na B, ba ta buƙatar hadda: in wani aiki ya ninka fili sau 3, wani ya biyo ya ninka sau 5, an ninka sau 15.

A kan wannan A ɗin dai, gwada bekta (1,1). Za ta koma (3,3), ba ta sauya alƙibla ba, tsawo kawai ta ƙara sau 3. Gwada (1,−1), za ta dawo yadda take. Waɗannan su ne aiganbekta, 3 da 1 kuma su ne aiganbalu. Duk sauran bektoci A tana karkatar da su, waɗannan layuka biyu kaɗai take miƙewa a kansu. Lura cewa 3×1 ya ba ka ditaminan, 3+1 kuma ya ba ka jimillar lambobin da ke kan dayagonal, wato tires. Ka riƙe waɗannan biyu, za su dawo mana.

Me ya sa AB ba dole ta yi daidai da BA ba? Juya (1,0) digiri 90 zuwa hagu, ta zama (0,1); sannan ka ninka ɓangaren x sau biyu, tana nan (0,1). Yanzu fara da ninkawar, ta zama (2,0); juya ta, ta zama (0,2). Aiki biyu ne, kuma wanda aka gabatar yana da tasiri.

Sai batun sararin bekta, wanda shi ne ya fi rikita ɗalibai, saboda an ce musu bekta ba lallai ta zama kibiya ba. Misalin da na fi so daga gida yake. Ka san hatimi, murabba'in nan mai gidaje da ake cika da lambobi yadda duk layin da ka tara zai ba ka jimilla ɗaya. Muna da tarihi a wannan fanni: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malami daga Katsina, ya yi rubutu da Larabci a kan hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ni lissafin da ke ciki nake magana a kai. Ɗauki mai gida tara: layin sama 2, 7, 6, na tsakiya 9, 5, 1, na ƙasa 4, 3, 8. Kowane layin kwance, da na tsaye, da dayagonal biyu, 15 ne. To in ka sassauta sharaɗi ka yarda a sa kowace irin lamba, har da maimaici da sifili, sai wani abu ya bayyana. Tara hatimi biyu gida da gida, abin da ya fito hatimi ne. Ninka kowane gida da lamba ɗaya, hatimi ne. Ka ga sararin bekta ke nan, kuma babu kibiya ko ɗaya a ciki.

Daimenshan ɗinsa nawa? Gidaje tara ne, wato haruffa tara. Jimilla takwas ake so su daidaita, wannan ikweshan bakwai ne. Amma ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba sabon labari ya kawo ba, don jimillar layukan kwance uku dole ta yi daidai da ta layukan tsaye uku, tunda gidajen ɗaya ne. Saura shida masu cin gashin kansu. Tara a ɗebe shida, uku. Wato lambobi uku kacal kake da 'yancin zaɓa, sauran shida sai su bi. Wannan shi ne tiyoram ɗin rank da nalati da ke cikin handawut ɗinku (shidan shi ne rank, ukun nalati, jimillarsu tara), ka taɓa shi da hannunka.

Har hujja za ka iya koya a nan. Nuna cewa lambar tsakiya kullum sulusin jimilla ce. Kira jimillar S. Tara layin kwance na tsakiya, da layin tsaye na tsakiya, da dayagonal biyu: 4S. A wannan tarawar kowane gida ya shigo sau ɗaya, ban da na tsakiya da ya shigo sau huɗu. Dukkan gidaje sau ɗaya 3S ne. Saboda haka 4S = 3S + 3×tsakiya, tsakiya = S/3. A namu, 15/3 = 5. Hujja ba ta wuce haka ba: magana ce da aka jera yadda mai sauraro ba zai sami inda zai ce a'a ba.

Game da hadda, ba na cikin masu raina ta. Mu mutane ne da suka san darajarta. Ma'anoni dole ka haddace su kalma da kalma, don a hujja da kalmomin ma'anar ake aiki. In an ce ka nuna bektoci suna cin gashin kansu, layinka na farko a takarda shi ne: a ɗauka a₁v₁ + a₂v₂ + a₃v₃ = 0, sannan ka nuna dukkan a ɗin sifili ne. Yawancin waɗanda ke barin wannan tambaya fayau a jarrabawa ba dabara suka rasa ba, ma'anar ce ba ta zauna musu ba, sai suka rasa layin farko. Amma kowace ma'ana da ka haddace, ka ajiye mata misali biyu da suka cika ta da misali ɗaya da ya kusa cikawa ya faɗi. Layin da ya bi ta (0,0) sabsifes ne, wato ƙaramin sararin bekta a cikin babba; layin y = x + 1 ba shi ba ne, don babu sifili a kansa. Hujjojin tiyoram kuwa kada ka haddace su. Karanta, rufe littafi, sake ginawa, in ka maƙale ka leƙa layi ɗaya kawai.

Yanzu mu koma kalkulas ka ga yadda duk wannan ke dawowa.

Ɗauki f(x,y) = x²y a ɗigon (3,2). Darajarta 18. Diribatif ta x, wato saurin sauyawar f in x kaɗai ya motsa, shi ne 2xy = 12, ta y kuma x² = 9. Waɗannan biyu in ka jera su, (12,9), shi ne giradiyan. Me yake gaya maka? Cewa a kusa da (3,2), in ka gusa da h ta x da k ta y, f za ta sauya da kimanin 12h + 9k. Gwada (3.1, 1.9): hasashe 18 + 1.2 − 0.9 = 18.3. Ainihin amsa 18.259. Ka ga mun maye gurbin fankshan mai lanƙwasa da miƙaƙƙen sauyi. Kuma 12h + 9k ba komai ba ne illa dot furodak na (12,9) da (h,k), wato na farko sau na farko a tara da na biyu sau na biyu. Dot furodak ya fi girma idan bektocin biyu suna fuskantar wuri ɗaya, ya zama sifili idan sun yi kusurwar digiri 90. Daga wannan kaɗai ka sami abu biyu da ake ba ku a matsayin dokoki daban-daban: giradiyan yana nuna inda hawa ya fi tsanani, kuma yana yin kusurwar digiri 90 da layin da tsayi ba ya sauyawa. In kana gefen Dutsen Dala, akwai fuskar da in ka taka numfashinka zai fi fita, akwai kuma wadda za ka zagaya dutsen ba hawa ba sauka. Tsakaninsu digiri 90 ne.

In fankshan ɗin yana karɓar lambobi biyu ya fitar da biyu, giradiyan biyu za ka samu, ka jera su ka sami matiris, wato Jakobiyan. Ita ce diribatif ta gaskiya. Dokar cen (chain rule), ta diribatif ɗin fankshan a cikin fankshan, da ake rubuta muku da zanen bishiya mai rassa, ninka matiris ce kawai: Jakobiyan na wannan sau Jakobiyan na wancan. Sannan r ɗin nan da ke fitowa a r dr dθ idan ana auna fili da nisa daga cibiya (r) da kusurwa (θ), wanda ɗalibai ke mantawa su rasa maki, ditaminan ne na Jakobiyan ɗin x = r cos θ, y = r sin θ. Lissafa ka gani, r zai fito. Mun ce ditaminan shi ne sau nawa aka ninka fili. Dubi faifai: zoben da ke kusa da cibiya gajere ne, na baki dogo ne, duk da faɗin ɗinkinsu ɗaya. Ɗan yankin da ke nesa da cibiya ya fi girma daidai gwargwadon nisansa, wannan nisan shi ne r. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai sake mantawa ba.

Haka gwajin nan na gano ƙololuwa da kwari, inda kuke lissafa fxx·fyy − (fxy)². Ditaminan ne na matiris ɗin diribatif na biyu, kuma mun ce ditaminan shi ne aiganbalu sau aiganbalu. In duka biyu suna sama da sifili, ta ko'ina wurin yana hawa, kana cikin kwari. In duka suna ƙasa da sifili, kana kan tudu. In ɗaya sama ɗaya ƙasa, ninkinsu ya faɗi ƙasa da sifili, to kana kan sirdi: gaba da baya ya ɗaga, hagu da dama ya sauka, kamar dai sirdin doki. f = x² − y² ita ce misalinsa.

Daibajans da kal su ma daga Jakobiyan suke. Ka ɗauki bekta fil kamar ruwa mai gudana, kowane ɗigo da kibiyar da ke nuna inda ruwan ya nufa da saurinsa. Daibajans shi ne tires na Jakobiyan, yana auna ko ruwa na ɓuɓɓugowa daga wurin ko yana nutsewa. Kal yana auna juyi. Misalai uku nake so ka zana da hannunka a yau. F = (x, y): kibiyoyi duk suna gudu daga tsakiya, daibajans 2, juyi sifili. F = (−y, x): suna zagaye kamar guguwa, daibajans sifili, juyi 2. Na ukun shi ne mai koyarwa: F = (y, 0). Ruwan a miƙe yake tafiya, babu lanƙwasa ko kaɗan, amma juyinsa −1 ne. Me ya sa? Jefa ɗan kara a gicciye cikin kogi kusa da gaɓa. Ɓangaren da ke wajen tsakiyar kogi ruwa ya fi jansa fiye da na wajen gaɓa, sai karan ya riƙa juyawa yana tafiya. Abin da kal ke aunawa ke nan, juyin ɗan karan a inda yake, ba siffar hanyar da ruwa ya bi ba.

Manyan tiyoram uku na ƙarshen kwas, na Green da na Stokes da na daibajans, magana ɗaya suke yi: abin da ka tara a ciki daidai yake da abin da ka auna a kan iyaka. Ka tuna lambu a fadama da aka yanka fangali-fangali. Ka ce kowane fangali a zagaye shi ta hannun hagu. Duk iyakar da ke tsakanin fangali biyu za a bi ta sau biyu, wannan ya yi gabas da ita, maƙwabcinsa ya yi yamma, sai su kashe juna. Abin da zai rage shi ne shingen waje kaɗai. To zagayen kowane ɗan fangali shi ne juyi sau girman filinsa, jimillarsu kuma ita ce zagayen shingen lambu. Tiyoram ɗin Green ke nan. Ɗaga lambun ka lanƙwasa shi a sarari kamar ƙwarya, ka sami na Stokes. Yi da ƙananan akwatuna maimakon fangali, ka sami na daibajans.

Kada ka ɗauka wannan wasan allo ne. Daga Green ake samun cewa girman fili rabin intigiral ne na x dy − y dx a kan iyaka, kuma da wannan masu safiyo ke auna gona daga kusurwoyinta. A ce kusurwoyin gona, da mita, su ne (0,0), (60,0), (50,40), (10,30). Ɗauki kowace kusurwa da mai bi mata ka yi ditaminan ɗinsu: 0, sai 60×40 − 50×0 = 2400, sai 50×30 − 10×40 = 1100, sai 0. Jimilla 3500, rabinta murabba'in mita 1750. Ba ka shiga cikin gonar ba, iyakarta kawai ka taka. Kuma ka lura ditaminan ya sake dawowa.

Shi George Green ɗin, ɗan mai injin niƙa ne a Nottingham ta Ingila, makarantar da ya yi yana yaro ba ta wuce kimanin shekara ɗaya ba, da kansa ya koyi sauran, ya fitar da rubutunsa a 1828. Sai yana da shekara 40 ya shiga Cambridge. Tiyoram ɗin Stokes kuma ya fara bayyana ne a wasiƙar da William Thomson ya aika wa Stokes a 1850, Stokes kuma ya sa shi a matsayin tambayar jarrabawa a 1854. Cikin waɗanda suka zauna jarrabawar har da Maxwell, wanda daga baya ya rubuta dokokin lantarki da maganaɗisu. Heaviside ne ya taƙaita su zuwa ikweshan huɗu da muka sani yau, biyu na daibajans biyu na kal, kuma a kansu rediyo da wayar da ke hannunka suke aiki. Ta ɓangaren aljabara, hanyar da Google ta fara jera shafukan intanet da ita a 1998 neman aiganbekta ce ta wata ƙatuwar matiris, sannan manhajojin ƙirƙirarriyar basira ana horar da su ne da ninka matiris da bin giradiyan zuwa gangare. In kana tunanin aiki bayan digiri, da wuya ka sami kwasa-kwasan da za su bi ka kamar waɗannan.

Kuskuren da suka fi cin maki a kalkulas na san su, don ina makin takardu. Na farko, rashin zane. Ɗalibi ya fara rubuta iyakokin intigiral bai zana yankin ba, sai ya sa x daga 0 zuwa 1, y daga 0 zuwa 1, alhali yankin alwatika ne. Ko minti biyu zai ci maka, zana. Na biyu, alƙibla: an zagaya ta dama maimakon hagu, ko kibiyar nomal, wadda ke yin digiri 90 da farfajiyar abu, ta kalli ciki maimakon waje, amsa ta fito da alamar ɗebewa. Na uku, amfani da tiyoram ɗin daibajans a kan abin da ba rufaffe ba. Ƙwarya a buɗe sai ka sa mata murfi, ka lissafa, sannan ka cire kason murfin. Na huɗu ma ba na wannan kwas ba ne, tsohon rauni ne: intigireshan na aji ɗaya da tirigonometiri. In ∫cos²θ dθ yana tsayar da kai, ware kwana biyu ka gyara wannan tun yanzu, don zai fito maka ba sau ɗaya ba. A aljabara kuma, ƙananan kurakuran alama wajen rage layuka su ne annoba. Bayan ka sami amsa, mayar da ita cikin ikweshan na asali. Bayan ka sami aiganbekta, ninka ta da matiris ka gani ko ta miƙe. Wannan fanni yana ba ka damar tantance kanka kyauta, ka yi amfani da ita.

Yadda za ka raba lokaci: kullum ka zauna da biro da takarda, ko awa ɗaya da rabi ne, ya fi ka tara na mako guda ka kwana a aji daren Lahadi. A makonni uku masu zuwa ka ba aljabara kashi biyu cikin uku, har ka kai aiganbalu, sannan ka juya rabon. Nemi abokai biyu ko uku, kada su wuce haka, kowa ya ɗauki tiyoram ɗaya ya tsaya gaban allo ya bayyana wa saura. A nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya saba da ganin shafin kawai. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna da amfani, amma bayan ka karanta, ba a madadin karatu ba. In ka sami intanet mai sauƙi, laccocin Gilbert Strang na jami'ar MIT a kan liniya aljabara suna YouTube kyauta, kuma manhajar GeoGebra tana zana maka fili mai lanƙwasa a waya ka juya shi da yatsa. Sai dai kallo yana da yaudara, mutum ya ji kamar ya iya. Duk bidiyon da ka kalla, rufe shi ka sake yin misalin da kanka. Kuma ka je wurin lakcaranka. Na san aji ya cika, na san ana jin nauyi. Amma kada ka je ka ce ban gane komai ba. Je da takardarka, ka nuna layin da ka tsaya. Malamai kaɗan ne za su kori ɗalibin da ya zo da irin wannan tambaya.

Ga aikin da na ba ka na wannan mako. Ɗauki F = (−y, x) a kan da'ira mai radiyos 1. Lissafa intigiral a kan da'irar da x = cos t, y = sin t, za ka samu 2π. Lissafa ta ɗaya hannun, juyi 2 sau girman fili π, 2π ne shi ma. Green ya tabbata. Yanzu raba F ɗin da x² + y², ka sake yi. A kan da'irar babu abin da ya sauya, tunda x² + y² = 1 a can, amsa tana nan 2π. Amma in ka lissafa juyin sabuwar F, sifili za ka samu. Hannu ɗaya ya ce 2π, ɗaya ya ce sifili. Duba abin da ke faruwa da F a ɗigon (0,0), sannan ka buɗe littafinka ka sake karanta sharuɗɗan da aka rubuta kafin fomular Green, waɗanda galibi ake tsallakewa. In ka gano inda matsalar take, rubuto mini da bayaninka, sai mu ɗora daga nan.